Muryar Gwaggo

Ranar sadakar uku, tsakar gidan Gwaggo bai ɗauke mu ba. Sai da aka buɗe ƙofar da ke tsakaninta da maƙwabta aka shimfiɗa tabarmi a can. Mata sun zo daga Utai da Ɗankaza, wasu daga ƙauyukan ƙetaren kogi, fuskokin da ni 'yar ƙaninta ban taɓa gani ba. Kowacce ta shigo sai ta durƙusa ta ce mana ya haƙuri, mu ce da godiya, ta yi addu'a, ta ja gefe ta zauna.

Gidan makoki ba ya rabuwa da hirar mamaci. Abin da na lura da shi kawai, Gwaggo mai kyauta ce, amma ba wadda ta ambaci zani ko hatsin da ta taɓa ba ta. Duk maganarta ake tunawa. Wata tsohuwa mai suyar kifi a bakin gada ta ce wata rana ta ɗaga muciya za ta rafka wa maƙwabciyarta, sai Gwaggo ta shigo ta kira sunanta sau ɗaya. Ta ce wallahi ta manta abin da aka faɗa bayan nan, ita dai ta ga muciyar a ƙasa. Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi da hawaye a ido. Wata mata kuma daga Utai, sai da za ta tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Ita ta kawo mini labarin ɗana. Ke ma kina wurin."

Da yamma jikoki suka shiga binciken wayoyinsu. Hotunanta ga su nan birjik, a biki, a suna, a kan darduma. Amma ba wanda ya taɓa naɗar muryarta. Ba ta son a kanga mata waya a baki, takan ce wanda yake son jin ta ya zo ya zauna. Wannan ne ya sa na ce bari in rubuta abin da na riƙe, tun kafin ni ma ya fara dusashe mini.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu tana budurwa, don haka ita ta raini ƙannenta, har da autansu da ta goya a bayanta. Sunan mahaifiyar tasu aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Ta yi shekaru tana koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci. Bayan ta bari, sai ta zama wadda ake aika wa idan zance ya yi nauyi: sulhu tsakanin maƙwabta, danƙa amanar amarya, kai labarin rasuwa.

Muryarta ba mai zaƙi ba ce. Ƙasa-ƙasa take, da ɗan kaushi. Amma tana zaune a ƙofar ɗakinta za ta yi magana wanda ke soro ya ji, ba tare da jijiyar wuyanta ta tashi ba. Ta ce ba da ita aka haife ta ba. Ajinta na farko a wata rumfa yake kusa da kara, ranar Juma'a kuwa kukan shanu da cinikin dillalai ba sa barin kowa ya ji kowa, a nan ta koya don dole. Tana yawan cewa murya kamar zani ce, akwai na shiga madafi, akwai na zuwa biki, akwai na gidan mutuwa, kuma mace mai hankali ba ta ɗaura ɗaya a wurin ɗaya.

Tana da ɗabi'unta. Kullum da safe sai ta sha ruwan ɗumi da citta. Ba ta shan ruwan sanyi idan za ta yi magana a taro, ko da zafi zai kashe ta. Idan aka yi mata tambaya sai ta yi shiru tukuna, har baƙo ya ɗauka ba ta ji ba ya maimaita, ita kuwa ta ce ta ji, jira take maganar ta nuna. In mai gabatar da shiri a rediyo ya cika ɗaga murya, sai ta dubi akwatin ta ce, "Mun ji, ɗan nan, sauko."

Ni kuwa Allah ya yi ni da siririyar murya da saurin baki. Ban san matsala ba ce sai da na gama makarantar koyon aikin lafiya aka tura ni wani ƙaramin asibiti a hanyar Dagumawa. Ranar awo, kafin a fara duba masu ciki, sai ma'aikaciya ɗaya ta tsaya a rumfa ta yi musu bayani. Aka ɗora mini. Ga kukan jarirai, ga babura a bakin titi, ga matan da suka kwana biyu ba su haɗu ba suna gaisawa. Ina farawa sai in ji muryata ta maƙale a wuya, in ƙara sauri don in gama in huta. Kafin azahar na dishe. Babbarmu ta ce idan ba zan iya ba za ta mayar da ni wajen yankar kati. Wannan bai dame ni ba kamar yadda nake ganin mata suna tashi ba su ji abin da na zo faɗa ba: cewa kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani da ganin jini ba abin da za a zauna a gida ana jiƙa saiwa ba ne.

Na je wa Gwaggo da kukana, ina tsammanin za ta ba ni zuma da kanumfari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo hannu ta ɗora a cikina ta ce in sake faɗar abin da na faɗa. Na sake. Ta ce cikina ko motsi bai yi ba, numfashina a maƙogwaro yake tsayawa, shi ya sa nake gajiya. Ta tambaye ni yadda nake yi in zan hura wuta a murhu. Na gwada. Ta ce to daga inda iskar nan ta fito, daga nan magana take fitowa.

Daga ranar, duk yammar da na taso aiki sai in biya. Ta tsayar da ni a gindin rumbu, can ƙarshen gida, ita kuma ta zauna a ƙofar soro da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. In yi bayanin da nake yi wa masu awo. Idan ba ta ji ba, ba za ta ce komai ba, ba za ta ma ɗago kai ba. Ranar farko da haushi ya kama ni na ƙwala da ƙarfi, har kaji suka watse.

"Na ji ƙara, Uwata," in ji ta. "Magana ce ban ji ba."

Ta ce in buɗe baki, haƙoran nawa ne ba na aro ba. Ta ce in sauke kafaɗa, in kafa ƙafafuna biyu a ƙasa, in daina tsayuwa kamar mai shirin gudu. Ta ce duk inda na kai ƙarshen zance ɗaya in tsaya in ja numfashi, ba wanda zai ƙwace mini wurin. Ta ce in na tsaya a gaban taro kada in yi wa taro magana, in nemi mace ɗaya a layin baya, wadda ta fi kowa nisa, in yi da ita. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne na ƙarshe: wai kada in fara sai na yi tsaye shiru ina dubansu, har su da kansu su ji shirun ya dame su.

Damina guda muka yi a haka. Ba zan ce na zama ita ba, har yau in na gaji saurin bakina yakan dawo. Amma akwai ranar da na gama bayani, wata mata a can baya, jingine da ginshiƙin rumfa, ta ɗaga hannu ta ce ita ƙafarta ta kwana biyu a kumbure, shin irin wanda nake faɗa ne? Muka auna jininta, ya hau sosai, muka tura ta babban asibiti a ranar. Da na ba Gwaggo labari ba ta yabe ni ba. Cewa ta yi in zauna in ci tuwo.

Zuwanmu Utai kuwa daga baya ne. Wata safiya maza biyu suka yi sallama a soro. Ɗan wata tsohuwar ɗalibarta, direba, ya yi haɗari a hanyar Kano, ya rasu nan take, kuma ba wanda ya iya tunkarar uwar. Gwaggo ta sa aka kira ni, ta ce in ɗauko abin awon jini. Muka shiga mota muka nufi Utai.

Mun tarar da matar tana tankaɗe. Ta yi murna, ta rasa inda za ta sa malamarta. Gwaggo ta gaisa da ita gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida da yara da gona, ba ta tsallake komai ba. Ta nemi ruwa. Ta ce a kira mata maƙwabciya su gaisa. Sannan ta ce wa matar ta ajiye rariyar ta zo ta zauna nan, jikin bango. Suka zauna gwiwa da gwiwa. Ta kama hannayenta biyu, ta sauke murya ƙasa har sai da matar ta sunkuyo don ta ji.

"Allah ya karɓi abinsa. Ɗanki na fari ya rasu da safiyar nan a hanyar Kano. Bai daɗe yana shan wahala ba."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Matar ta dube ta, ta dube ni, sannan ta kife a ƙirjin Gwaggo. Mun daɗe a haka kafin Gwaggo ta fara karanta mata innalillahi a hankali, tana maimaitawa, har matar ta kama suna yi tare.

A hanyar dawowa na tambaye ta me ya sa ba ta yi yadda ake yi ba, a ce jiki ya yi tsanani yana asibiti, a bar mutum ya gane da kansa. Ta ce wannan kashe mutum sau biyu ne, ka ba shi igiya ya kama sannan ka yanke. Na ce to sauke muryar fa? Ta ce don matar ta matso ne, in za ta faɗi ta faɗo a kanta, kada ta faɗi a ƙasa. Ba mu yi nisa ba ta ce wa direba ya tsaya. Ta fita ta zauna a gindin wata tsamiya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta dawo mota muryarta ba ta fita sosai. Ta ce kada in ɗauka sabo yana hana ciwo.

Ba zan yi mata ƙarya don ta rasu ba. Matar da ta iya lallashin gari, a cikin danginta harshenta yana da kaifi, musamman a kan waɗanda ta yi rainonsu. Wanda ya fi shan sa shi ne Baffa, autansu. Baffa na'ibi ne a masallacin unguwa, dattijo da farin gemu, kuma yana karatu bayan la'asar da lasifika. Mutum ne mai ilimi, amma in ya kama abin magana sai ka ce da wani yake faɗa. Bakin lasifikar kuwa gidan Gwaggo yake kallo.

Ranar sunan wani jikanta, Baffa ya gama addu'a a ƙofar gida, mutanen masallacinsa suna zaune, sai ga muryar Gwaggo daga cikin soro, ba da ƙarfi ba, amma ba wanda bai ji ba. Ta ce, "Auta, wai karatun nan naka na yamma, wa'azi kake yi ko korar tsuntsu a gonar shinkafa?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baffa ya tashi ya sa takalmi ya tafi, ko abinci bai taɓa ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Gaisuwar Juma'a da bai taɓa fashi ba tun yana saurayi, ya daina. Salla ta zo ya aiko 'ya'yansa, shi bai zo ba.

Mahaifina ya yi ƙoƙari, ya gaji. Ni ma na taɓa mata zancen wata rana muna tsinkar zogale. Ta yi shirun nan nata, sannan ta ce gaskiya ta faɗa, amma a kan tabarmar da ba ta dace ba, kuma ta kira shi da sunan goyo a gaban masu bin sa salla. Na ce to ta aika a kira shi mana. Ta ce ita ta goya shi, ita ta yaye shi, ba za ta bi shi da ban haƙuri ba. Matar da ta sasanta rabin unguwa ta kasa taka ƙofar ƙaninta. Haka aka ci kusan shekara.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya tana alwala buta ta faɗi daga hannunta, ta zame ta kwanta. Aka kai ta asibiti a Kano. Da aka sallamo ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, harshe ya yi nauyi. Hankalinta garau, idonta yana bin kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba shi da kai.

Baffa ya zo tun a asibiti. Bayan an dawo gida ma kullum sai ya shigo, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi mata addu'a, ya tafi. Dangi suka ce alhamdu lillahi, ciwo ya yi sulhu, magana ta wuce. Kowa ya ɗauka haka, ban da ita. Duk sanda ya tashi zai fita sai in ga tana bin bayansa da ido, leɓenta yana motsi.

Wata yamma muna mu biyu ta ja gefen zanina da hannun hagu. Ta nuna wajen masallaci, ta nuna ƙirjinta, ta nuna bakinta. Na yi ta canka ina kuskure. Na ce lasifikar ce ta dame ta? Ta girgiza kai. Na ce a kira Baffa? Ta girgiza. Can na ce, "Gwaggo, gafararsa kike son nema?" Ta lumshe ido. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gobe in ya zo zan faɗa masa a madadinta. Ta daki katifa da tafin hannu, har sai da na tsorata. Ta sake nuna bakinta.

Mai yi mata gashin ƙashi a asibiti ya nuna mana abubuwan da za ta riƙa yi: hura iska, motsa harshe hagu da dama, haɗa leɓe a gaban madubi. Madubin ta ture shi tun ranar farko, ba ta son ganin fuskarta. Sai na zama ni ce madubin. In zauna a gabanta in faɗi kalma a hankali, ta kalli bakina ta gwada. "Ka" bai ba ta wuya sosai ba. "Yafe" ne ya ƙi, don leɓenta na dama ba ya tashi ya tarar da ɗan'uwansa, iskar sai ta zube ta gefe tare da yawu. In goge mata, mu sake. Wata rana ta yi fushi ta juya fuska bango, ta ƙi kallona har na tafi. Wata rana ta yi kuka. Washegari kuma ina shigowa, kafin in ajiye jaka, ta ja zanina. Mace mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda likita ya ce mu yi haƙuri da abin da ya saura, ta yi makonni tana fama da kalma uku.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Baffa ya shigo da farar rigarsa ya zauna inda ya saba. Gwaggo ta yi mini alama in tayar da ita. Na jingina ta da filo. Ta yafito shi da hannu. Ya matso, ya durƙusa a bakin gadon. Na ga cikinta ya ɗaga.

"Au... ta. Ka..."

Nan take ya gane. Ya ce, "Yaya, na yafe, wallahi na yafe tuntuni, kada ki wahalar da kanki."

Ta ɗaga masa hannun hagu, tafin a buɗe. Ya yi shiru. Ta huta, ta sake jan numfashi, gumi yana tsattsafo mata a goshi.

"Ka... ya... fe... mi... ni."

Kowace gaɓa ta fita. Baffa ya kifa fuskarsa a gefen katifar, hularsa ta faɗi, yana cewa shi ne mai neman gafara, shi da ya yi fushi da wadda ta goya shi. Gwaggo ta laluba da hannunta mai lafiya ta kama kunnensa ta ɗan ja, kamar yadda mahaifina ya ce takan yi masa yana yaro in ya ƙi wanka. Na fita na bar su.

Bayan wannan ba ta ƙara matsa wa kanta ba. Takan amsa sallama, takan ce amin, shi ke nan. Na kawo mata wasu kalmomin mu gwada, ta kawar da kai. Ta rasu bayan an gama girbin dawa, da hantsi, jikokinta suna kusa.

A ƙofar gida aka yi mata salla, liman ya ce Baffa ya shige gaba. Mu mata muna ciki, katanga ce kawai tsakaninmu da sahu. Kabbara ta farko mun ji ta sarai. Ta biyu da ƙyar. Ta uku ba mu ji ba sam, sai muryar wani daga bayansa da ya ɗaga ya isar wa mutane. Mahaifina ya ce Baffa ya yi ta, leɓensa ya motsa, sautin ne ya ƙi fita.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshenta saboda zukatan da ta sanyaya da shi. Ya sauƙaƙa mata amsa a kabari, ya sa ta ji kira mai daɗi ranar da za a kira kowa da sunansa. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.